Sunan Murtala a Kan Taswirar Najeriya

Ranar Juma'a, 13 ga Fabrairu 1976, da misalin ƙarfe takwas na safe, cunkoson motoci ya tsayar da wata baƙar mota ƙirar Mercedes-Benz kusa da Sakatariyar Tarayya da ke Ikoyi a Legas. Babu jiniya a gabanta, babu motar sojoji a bayanta. A ciki akwai shugaban ƙasa, Janar Murtala Ramat Muhammed, yana kan hanyar ofishinsa na Barikin Dodan. Nan sojojin da ke tare da Laftanar Kanar Buka Suka Dimka suka buɗe wa motar wuta. Murtala ya cika a wurin, haka ma dogarinsa Laftanar Akintunde Akinsehinwa da direbansa Saje Adamu Michika. Shekarunsa 37 a duniya, kwanansa 200 a kan mulki.

Juyin mulkin bai kwana ba. Kafin rana ta faɗi sojojin gwamnati sun ƙwace gidan rediyon da Dimka ya yi sanarwa daga cikinsa. Aka ɗauki gawar Murtala a jirgi zuwa Kano, garin da aka haife shi ranar 8 ga Nuwamba 1938, aka yi masa sutura irin wadda ake yi wa kowane Musulmi. Kabarinsa yana unguwar Hausawa, a jikin masallacin da duk Kano ta sani da Masallacin Murtala. Gwamnati ta ware kwana bakwai na makoki. Ɗalibai suka fito kan titi da fushi, suka nufi ofisoshin jakadancin Birtaniya da Amurka, domin mutane da yawa sun kasa yarda cewa mutumin da ya ɗaga wa Amurka murya a kan batun Angola wata ɗaya da ya wuce zai mutu haka kawai ba tare da hannun wani daga waje ba. Zuwan da Dimka ya yi ofishin jakadan Birtaniya da safiyar ranar, yana neman a sada shi da Janar Yakubu Gowon da ke karatu a Ingila, ya ƙara rura wutar zargin. Ba a daɗe ba gwamnati ta nemi jakadan, Sir Martin Le Quesne, ya tattara ya bar ƙasar.

A cikin wannan zafi na makoki aka fara raɗa sunaye. Filin jirgin sama na Ikeja, wanda aka gina tun zamanin yaƙin duniya na biyu, ya koma Filin Jirgin Murtala Muhammed. Babban asibitin birnin Kano da ke Ƙofar Mata, wanda ke aiki tun shekarun 1920, ya koma Asibitin Murtala. Filin sukuwar Turawa na Kaduna ya koma Dandalin Murtala, kuma a nan sarakunan Arewa suka yi hawan daba na bikin FESTAC a Fabrairun 1977. Gwamnonin soja na jihohi kowa ya dubi garinsa ya zaɓi titi babba. A Kano titin da ya bi ta jikin kasuwar Sabon Gari ne. Akwai irinsa a Jos, da Ilori, da Binin, da Kalaba, da Ebute Metta a Legas. Maiduguri ta ɗauki sunansa na tsakiya, wanda ya samo daga na mahaifiyarsa, ta sa wa dandalinta na taro da kwalejinta ta fasaha, shi ya sa har yau ake cewa Ramat. Yola ta sa wa tsohuwar makarantarta ta sakandare. Babban ɗakin karatu na jihar Kano sunansa yake ɗauke da shi. Ban da waɗannan akwai raɗin da babu hannun gwamnati a ciki: a gidaje masu yawa na Arewa, yaron da aka haifa a 1976 ko 1977 Murtala aka sa masa, kuma waɗannan yara su ne dattawan unguwa a yau.

Tambayar da ta kamata a yi ita ce, me mutum zai aikata cikin wata shida da rabi har ƙasa mai yawan saɓani irin Najeriya ta yarda ta shimfiɗa sunansa daga bakin teku zuwa bakin hamada?

Murtala ya hau mulki ranar 29 ga Yuli 1975, lokacin da Gowon ke Kampala wajen taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. Ƙasar da ya tarar tana da kuɗin man fetur fiye da yadda ta saba gani, amma komai ya tsaya cik. Ɗaruruwan jiragen ruwa ɗauke da siminti suna jibge a bakin tashar Legas, ana biyan kuɗin jira kullum. Ƙidayar 1973 ta zama abin faɗa. Gowon ya janye alkawarin miƙa mulki ga farar hula a 1976. Gwamnonin jihohi sun daɗe a kujera har wasu sun manta cewa aro aka ba su. Murtala ya sauke su duka goma sha biyu, ya sa aka bincike su, aka samu goma da laifi. Mobolaji Johnson na Legas da Oluwole Rotimi na Yamma kaɗai suka fita da tsabta. Ya soke ƙidayar. Ya sa aka fara kwashe jiragen simintin. Ya tsayar da ranar 1 ga Oktoba 1979 a matsayin ranar da soja zai koma bariki, ya kafa kwamitin rubuta tsarin mulki ƙarƙashin Cif Rotimi Williams. Ma'aikaci da ya saba zuwa ofis ƙarfe goma ya koma sammako, saboda kora a lokacin nan take ake yinta, a rediyo mutum yake jin sunansa. Talakan da ya gaji da jin "je ka dawo gobe" ya ga abin da bai taɓa gani ba: manya suna tsoro.

To ƙaunar da aka nuna masa ta gaske ce, babu wanda ya tilasta wa uba ya sa wa ɗansa sunan shugaban ƙasa. Amma akwai wani ɓangare na labarin da bai kamata a tsallake ba. Waɗanda suka gaje shi suna da bukatar sunan. Janar Olusegun Obasanjo ya hau kujera ne a rana mai hatsari, Bayarabe a kan sojan da mafi yawan mayaƙansa 'yan Arewa ne, a ƙasar da ba ta cika shekara bakwai da fita daga yaƙin basasa ba. Abin da ya fi dacewa da shi shi ne ya nuna cewa ba sabuwar gwamnati ya kafa ba, amanar mamaci yake riƙe da ita. Shi ya sa har yau ake cewa gwamnatin Murtala da Obasanjo, kamar abu ɗaya. Kowane allo da aka kafa da sunan Murtala yana gaya wa jama'a cewa tafiyar ba ta sauya ba. A yi wa Obasanjo adalci: ya cika alkawarin, ya miƙa wa Alhaji Shehu Shagari mulki a ranar da Murtala ya tsayar.

Shi kansa Murtala mai sauya taswira ne. Kwana goma kafin a kashe shi, ranar 3 ga Fabrairu 1976, ya mayar da jihohi 12 zuwa 19, ya kuma kawar da sunayen da ke nuna shiyya. Jihar Arewa maso Gabas ta zama Bauchi da Borno da Gongola. Arewa maso Yamma ta zama Sakkwato da Neja. Arewa ta Tsakiya ta koma Kaduna. Manufar ita ce a daina tuna wa mutane tsofaffin yankunan da suka kai ƙasar ga yaƙi. A ranar ce kuma ya sanar da cewa za a gina sabon babban birni a tsakiyar ƙasa, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Sabon birnin ya ɗauki sunan tsohon garin Abuja, garin kuma ya koma Suleja. Gwamnati ba ta tare a can ba sai 12 ga Disamba 1991. A Abuja filin jirgi sunan Nnamdi Azikiwe yake ɗauke da shi, gidan mataimakin shugaban ƙasa na Aguda. Rabon Murtala shi ne babbar hanyar da ta zagaya arewacin birnin, wadda a takarda take da sunansa, amma direbobi da fasinjoji titin Kubwa suke ce mata.

Inda sunan ya fi shiga rayuwar yau da kullum shi ne aljihu. Ranar 11 ga Fabrairu 1977, saura kwana biyu a cika shekara da rasuwarsa, Babban Bankin Najeriya ya fitar da takardar naira 20 mai ɗauke da hotonsa. Shi ne ɗan Najeriya na farko da fuskarsa ta hau kan kuɗi. Herbert Macaulay da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da Alvan Ikoku sai a Yulin 1979 suka biyo baya, a kan naira 1 da 5 da 10. Awolowo ya jira har 1999, Sardauna 2000, Azikiwe 2001. Wato sojan da ya yi kwana 200 ya riga waɗannan ukun da ke cikin waɗanda suka karɓo 'yancin kai da shekaru ashirin da wani abu. A lokacin da aka fitar da ita, naira 20 ita ce takarda mafi girma a ƙasar, kuma ta riƙe wannan matsayi har 1991 da aka yi naira 50. Darajarta ta kai kusan dalar Amurka 30. Da aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 125 a 1981, lebura na gwamnati yana iya karɓar haƙƙinsa na wata cikin takarda shida da canjin naira biyar. Mutane suka daina cewa naira ashirin, suka koma cewa murtala: a ba ni murtala biyu, kuɗin mota murtala ne. A 2007 aka mayar da ita ta leda, aka sa hoton Ladi Kwali mai ginin tukwane a bayanta, aka kuma cire rubutun ajami da ke gaya wa wanda bai yi boko ba ko nawa ke hannunsa. Yau a garuruwa da yawa murtala ba ta sayen ledar ruwa ɗaya. Wanda ya san takardar a zamanin ƙarfinta ba zai rasa jin wani abu a ransa ba idan ya ga an miƙa wa yaro ita ya yatsine fuska. Faɗuwar ba laifin mai hoton ba ce, amma duk wanda aka ɗaura sunansa a jikin kuɗi, darajar kuɗin za ta riƙa jan sunan sama ko ƙasa.

Abin lura a Arewa shi ne ba a sassaƙa shi ba. A Gana, Kwame Nkrumah ya ga mutum-mutuminsa a gaban majalisa tun yana raye, kuma da aka kifar da shi a 1966 aka tumɓuke shi, aka fille masa kai. Sai a 1992 aka gina masa hubbare a Accra, inda yau ake nuna wa baƙi gangar jikin da kan a gefe guda. Ƙasar Hausa ba ta bi wannan hanya ba, domin addini bai yarda da sassaƙa surar mutum don girmamawa ba, kuma malamai ba sa son a ƙawata kabari. Saboda haka abin da wasu ƙasashe suke zubawa a tagulla da dutse, mu a suna muke zuba shi. Ko hubbaren Tafawa Ɓalewa na Bauchi, wanda gwamnatin Obasanjo ta gina aka buɗe a 1979, babu sura a cikinsa: mutum yana bi ta wani dogon soro mai duhu, haske yana ƙaruwa a hankali, har ya fito fili inda kabarin yake, sama a buɗe. Na Murtala ma bai kai wannan ba. Masallaci ne da ake salla biyar a cikinsa, da kabari a gefe, mai wucewa ya yi addu'a ya wuce. Ni a ganina wannan ya dace da mutumin da ya ƙi yawo da jerin gwanon motoci.

Abin da ya fi kusa da abin tunawa na ido yana Legas. A Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan an ajiye motar da aka kashe shi a ciki, da hudojin harsashi a jikinta kamar yadda aka bar ta. 'Yan makaranta suna zuwa su zagaye ta. Motar tana koyar da darasi ɗaya da ƙarfi, wato yadda ya mutu. Yadda ya rayu kuwa sai an nema a wani wuri.

Sa suna a kan wurin aiki yana da nauyin da allo na gefen titi ba shi da shi. Idan Bakano ya ce "an kai shi Murtala", gaban mai sauraro faɗuwa yake yi, domin ya san hatsari ne ko naƙuda mai wuya ko ciwon da ya fi ƙarfin kemis. Asibitin yana cikin waɗanda suka fi karɓar marasa lafiya a Arewa, mutane suna zuwa daga ƙauyukan Kano da jihohin maƙwabta har da Jamhuriyar Nijar. Dubban Kanawa a nan aka haife su. A duk ranar da ma'aikaciyar jinya ta tsaya a kan mai haihuwa har ta sauka lafiya, an girmama sunan fiye da yadda kowace lacca ta shekara-shekara za ta girmama shi. A duk ranar da mara lafiya ya rasa gado, sunan ne ake ambata cikin ƙorafi. Haka filin jirgin Legas. Sabon gininsa, wanda aka tsara bisa fasalin filin jirgin Schiphol na ƙasar Holan, an buɗe shi ranar 15 ga Maris 1979 yana abin alfahari. Amma daga 1992 zuwa 2000 hukumar jiragen saman Amurka ta sa an liƙa sanarwa a filayen jiragenta tana gargaɗin matafiya cewa tsaron Filin Jirgin Murtala Muhammed bai kai mizani ba. Miliyoyin mutanen da ba su san ko wane ne shi ba, a jikin wannan gargaɗi suka fara karanta sunan mutumin da aka sani da tsananin son tsari.

Akwai kuma abin da allunan ba sa faɗa, kuma a nan ne ya kamata mu 'yan Arewa mu daure mu saurara.

Murtala bai fara shiga tarihin Najeriya a 1975 ba. Yana cikin jagororin juyin mulkin ramuwar gayya na 29 ga Yuli 1966, bayan kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa da manyan hafsoshin Arewa a watan Janairu. A wannan juyin aka kashe Janar Aguiyi-Ironsi da Laftanar Kanar Adekunle Fajuyi a Ibadan, da hafsoshi da ƙananan sojoji 'yan ƙabilar Ibo masu yawa. A kwanakin nan Murtala yana cikin masu ra'ayin a raba ƙasar, Arewa ta kama gabanta. Sojojin da ke tare da shi sun kame filin jirgin Ikeja, suka sa aka kwashe iyalansu zuwa Arewa. Filin da ke ɗauke da sunansa a matsayin gwarzon haɗin kan ƙasa shi ne wannan filin. Ban ga abin kunya a faɗin haka ba. Mutumin da ya tashi daga neman a raba har ya kai ga zaɓa wa ƙasa babban birnin da ba na kowace ƙabila ba ya yi tafiya mai nisa, kuma tafiyar ta fi sunan da ke kan allo ban sha'awa da koyarwa.

Da yaƙin basasa ya ɓarke, shi aka ba Runduna ta Biyu. Ya kori sojojin Biyafara daga yankin Tsakiyar Yamma, ya ƙwato Binin a Satumban 1967, kuma mutanen Binin suna da dalilin sa sunansa a titi da kuma shataletalen Ramat. Amma rundunar ta ci gaba zuwa Asaba, a bakin kogin Kwara. Ranar 7 ga Oktoba 1967 mutanen garin suka fito cikin fararen kaya, suna rawa da waƙar goyon bayan Najeriya ɗaya, da fatan hakan zai kawo ƙarshen kashe-kashen da aka fara tun shigowar sojoji. A dandalin Ogbe-Osowa aka ware maza da samari daga mata, aka buɗe musu wuta. Ɗaruruwa suka mutu, aka binne da yawa a ramuka na bai ɗaya. Murtala ne kwamandan rundunar. Shaidu da marubuta da dama sun ambaci sunan Ibrahim Taiwo cikin hafsoshin da ke wurin. Ba a taɓa gurfanar da kowa ba. Waɗanda suka tsira sun ba da shaida a gaban kwamitin Mai Shari'a Oputa a farkon shekarun 2000, Gowon ya nemi afuwar mutanen garin, su kuma suka gina abin tunawa nasu a Ogbe-Osowa, mai ɗauke da sunayen waɗanda aka kashe. Shi wannan Taiwo, yana gwamnan Kwara aka kashe shi rana ɗaya da Murtala, shi ya sa ake da titin Ibrahim Taiwo a Ilori da Kano. Ɗan Asaba da ya sauka a filin jirgin Legas, ko ya bi ta waɗannan tituna, sunayen da yake gani ba abin da suke tuna mana suke tuna masa ba.

Daga Asaba kuma Murtala ya dage sai ya ƙetare kogin kai tsaye zuwa Anacha a cikin jiragen ruwa, duk da shawarar hedikwatar soja cewa ya zagaya ta Idah. Sau uku ana gwadawa, sau uku ana asarar sojoji masu yawa. Daga ƙarshe ta Idah ɗin aka bi, Anacha ta faɗi a Maris 1968, kuma a ƙarshen watan aka yi wa ayarin rundunar mummunan kwanton ɓauna a Abagana. Da yawa daga cikin waɗanda kogin ya ci 'ya'yan talakawan Arewa ne da aka ɗauka aikin soja cikin gaggawa. Yau gadar da ta ƙetare kogin nan a Jamata, kan hanyar Lakwaja zuwa Abuja, Gadar Murtala Muhammed ake ce mata. Su kuwa sojojin, babu allon da ya jera sunayensu a bakin ruwan.

Ko tsarkake aikin gwamnati da ake yaba masa yana da waɗanda ya bari da tabo. An sallami ma'aikata fiye da 10,000, har da Babban Jojin Ƙasa Taslim Elias, da yawa ba tare da an ba su damar kare kansu ba. Cikinsu akwai ɓarayi, akwai kuma waɗanda gaba ta cikin ofis ta ci. Tsofaffin ma'aikata da dama suna ganin daga lokacin ne ma'aikaci ya daina amincewa cewa kujerarsa za ta kai shi fansho, ya fara tunanin tara abin da zai dogara da shi tun yana kai.

Sunaye a Najeriya suna faɗuwa, suna kuma tashi. Titin Broad na Legas ya taɓa zama titin Yakubu Gowon. Bayan da aka zarge shi da hannu a juyin mulkin Dimka aka tuɓe masa muƙami, titin ya koma sunansa na da. Shagari ya yi masa afuwa a 1981, Babangida ya mayar masa da muƙaminsa a 1987, yanzu filin jirgin Jos sunansa yake ɗauke da shi. Ranar 11 ga Maris 1976 aka harbe mutum 32 saboda kisan Murtala, ciki har da kwamishinan tsaro Manjo Janar Iliya Bisalla. Ranar 15 ga Mayu aka harbe wasu bakwai, ciki har da Dimka da tsohon gwamnan Binuwai da Filato, Joseph Gomwalk. Mutanen Filato da yawa ba su taɓa yarda cewa Gomwalk ya cancanci wannan hukunci ba, kuma da dama ta samu suka sa sunansa a sakatariyar jiha da titi da dogon ginin jaridar da ya kafa. Don haka a Jos mutum zai iya bin titin Murtala Muhammed da safe, ya yi aikinsa a Sakatariyar Gomwalk da rana. A Kano ma haka abin yake. Audu Baƙo yana cikin gwamnonin da Murtala ya sauke, amma Kanawa ba su manta da madatsun ruwa na Tiga da Bagauda ba. Sakatariyar jiha tasa ce, gidan namun daji nasa ne, kuma daga gidan namun dajin zuwa kabarin wanda ya sauke shi tafiya ce ta ƙafa. A Ƙofar Mata, Asibitin Murtala yana maƙwabtaka da filin wasa na Sani Abacha, alhali a Abuja an cire sunan Abacha daga bariki an mayar da shi Mogadishu bayan dawowar farar hula. Garuruwanmu sun ajiye waɗanda ba su jitu ba a raye kusa da juna, ba tare da an yi wa mai wucewa bayanin komai ba.

Gwamnati na iya sa suna, amma zamansa yana hannun jama'a. A 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya sanar da cewa Jami'ar Legas ta koma Jami'ar Moshood Abiola. Ɗalibai suka tare hanyoyi, tsofaffin ɗalibai suka tafi kotu, sunan bai zauna ba, ko da yake Abiola ɗan yankin ne kuma ana ƙaunarsa. Sunayen Murtala kuwa sun kai rabin ƙarni, gwamnatocin soja da na farar hula sun zo sun wuce, mafi yawansu suna nan daram. Ina ganin gajartar mulkinsa tana cikin dalilan. Bai daɗe ba balle a gaji da shi, bai tara dukiyar da za a nuna da yatsa ba, kuma duk wanda ya zo bayansa ya gaza, sai a ce da Murtala yana nan da ba haka ba.

Suna ɗaya da aka sa masa a wajen ƙasa ya bambanta da sauran, domin an san takamaiman aikin da ya jawo shi. A Nuwamban 1975, bayan da sojojin gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu suka kutsa Angola, Najeriya ta amince da gwamnatin MPLA ta Agostinho Neto, ta kuma ba ta tallafin dala miliyan 20. Shugaban Amurka Gerald Ford ya rubuto wa shugabannin Afirka wasiƙa yana neman kada su goyi bayan MPLA. Gwamnatin Murtala ta ba jaridu wasiƙar suka buga, tare da amsa mai zafi. Ranar 11 ga Janairu 1976, a taron gaggawa na Adis Ababa, ya tsaya ya gaya wa duniya cewa Afirka ta girma, ba ta karɓar umarni daga wata ƙasa ta waje komai ƙarfinta. Cikin makonni kaɗan mafi yawan ƙasashen Afirka suka amince da gwamnatin Neto. A Luanda, babban titin da ya ratsa tsibirin da ke gaban birnin, inda jama'a ke fita shan iskar teku, sunan Murtala aka sa masa. Mutanen Angola ba su da wata bukata ta siyasar cikin gida da za ta sa su yi haka.

Mafi yawan 'yan Najeriya na yau an haife su ne bayan 1976. An kuma cire tarihi daga darussan makarantun firamare da ƙananan sakandare a wajen 2009, sai a 'yan shekarun nan aka dawo da shi. Akwai matashin da aka haifa a Asibitin Murtala, ya yi karatun jarrabawa a ɗakin karatu na Murtala, yake hawa a-daidaita-sahu a titin Murtala kullum, amma idan aka tambaye shi ko wane ne mai sunan, iyakar abin da zai ce shi ne wani soja ne da aka kashe. Gidauniyar da iyalinsa suka kafa tana shirya lacca duk shekara, sai dai laccar ta manya ce, a manyan ɗakunan taro. Abin da Kano take bukata bai fi ƙarfinta ba: zaure ɗaya a ɗakin karatun da ke ɗauke da sunansa, a tara jawabansa da hotunansa da jaridun kwanaki 200 ɗin nan, a rubuta bayani da Hausa, boko da ajami. A sa taswirar jihohi 19 da wasiƙar Ford da takardar naira 20 ta farko. A sa labarin Yulin 1966, da shaidar mutanen Asaba, da na ma'aikatan da aka sallama, da sunan Akinsehinwa da Adamu Michika waɗanda suka mutu tare da shi a cikin motar. Sannan a riƙa kai 'yan makarantun unguwannin Kurawa da Hausawa da Sabon Gari, aji bayan aji.